Famfon Layinmu da Gashin Bakina

Jama'a, in kun gan ni a hanya na rufe baki da hankici, ba mura nake yi ba. Bikin ba da kyaututtukan fina-finai ne ya yi mini wannan aika-aika.

Kun san ni da kallo. Matata cewa take ko gobara ce ta tashi a gidanmu, sai na ce a dakata a zo wurin talla. To, ni da mai askin layinmu, wanda muke kira Almakashi, mun daɗe muna musu. Na ce jarumin nan mai tabo a goshi, wanda ke fitowa a mugu, shi ne gwarzon bana. Ya ce ina, sai dai mai kukan nan, wanda ko gaishe shi aka yi sai ya zubar da hawaye. Musu ya yi zafi har na dafa gashin bakina, wanda na raina tun ina gwauro, na ce in nawa bai ci ba a kwashe shi. Almakashi ya dafa nasa. Tela, mai ɗinkin layinmu, ya tsaya shaida.

Jiya da la'asar muka cika shagon aski, muka zura wa talabijin ido. A zauren bikin, kujerun gaba duk manyan tumbi ne. 'Yan fim kuwa an tura su can baya kusa da fanka. Mai Girma Uban Taro ya tashi ya gode wa Mai Girma Uban Biki. Shi kuma ya gode wa Mai Girma Uban Taro da ya gode masa. Aka ba wani Mai Girma kyauta saboda ya halarta. Aka ba wani saboda ya yi niyyar halarta.

"Malam, yaushe za a zo kan masu fim?" in ji Tela.

"Yi haƙuri," na ce, "ai su baƙi ne."

Can sai aka yage ambulan. Na riƙe gashin bakina da hannu biyu. Gwarzon jarumin shekara, wai, shi ne Mai Girma Babban Mai Buɗe Ayyuka, saboda rawar da ya taka a wani fim kan wadatar ruwan sha.

Aka fara nuna ɗan yankin fim ɗin. Tela ya yi zumbur ya miƙe.

"Wallahi layinmu ne! Ga ƙeyata can!"

Shi ne kuwa. Famfonmu ne, wanda tun da aka kafa shi ba abin da yake yi sai riƙe igiyar awaki. Amma ga shi a talabijin yana ambaliya. Mai Girma ya tara hannu, ya kurɓa, ya ɗaga kai sama, leɓensa na rawa.

"Tankar ruwan a bayan shagona aka ɓoye ta," in ji Tela. "Ni na riƙe musu mesa."

Na so in yi fushi, amma ni masanin fim ne, ba na zaluntar gwani. Ni da nake tura jarkoki kowace safiya, ina kallon mutumin nan sai na ji ƙishina ya kwanta. Mai tabona bai taɓa yi mini haka ba. Alƙalai sun yi adalci.

Sai na ji an yafa mini ƙyalle a wuya.

"Zauna, ranka ya daɗe," in ji Almakashi.

"Ai kai ma naka ya faɗi!"

"Na sani. Amma kai ne babba."

Tela ya yanke hukunci: a kwashe na kowa. Kafin in ce wani abu, reza ta wuce sau biyu, leɓena ya fito fili kamar ɗan tsako. Na miƙe na miƙa hannu a ba ni reza. Almakashi ya jefa ta aljihu, ya gyara murya, ya ce ya kafa kwamitin da zai duba batun nasa gashin bakin, kuma za a ji sakamako nan ba da jimawa ba. Tela ne shugaban kwamitin, har an yi masa aski kyauta.

Da na isa gida, matata ta leƙo ta ce maigidan ba ya nan.

Roƙona ɗaya ga Mai Girma Gwarzo: don Allah a yi kashi na biyu. Kowace rawa aka ba ni zan taka, in dai kusa da tanka ce, kuma za a bar ni in shigo da jarkokina.