Ranar da Na Yi wa Baba Shaidar Giya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ofishin murur, wato 'yan sandan hanya, ceton mahaifina ba, ranar da na kusa tura shi kurkuku da bakina.

Baba turare yake sayarwa a wani ɗan shago a Hindawiyya, unguwar da aka haife ni a Jidda. Mutum ne da ba ya son a ji ciwonsa, ko zazzaɓi ya kayar da shi cewa zai yi gajiya ce. Bayan rasuwar Mama sai na fara ganin sauyi. Wani lokacin ya shigo gida yana tangaɗi, gumi ya jiƙa masa riga, harshensa ya yi nauyi. Sai ya shige ɗaki ya kulle, in ji yana jan durowa, can ya fito garau kamar ba shi ba. Ni kuwa na yanke hukunci a raina cewa baƙin ciki ya kai Baba ga kwalba. Ban faɗa wa kowa ba, sai kuka a kan sallaya ina roƙa masa shiriya. (A wurin karɓar marasa lafiya na wani ɗan asibiti nake aiki fa. Ku riƙe wannan, don ku san irin wayon mai ba ku labari.)

Wata Litinin bayan la'asar aka kira ni. Baba ya hau shingen titi da motarsa wajen Ruwais. Bai buge kowa ba, amma da aka fito da shi ya kasa tsayuwa, maganarsa ba ta fita, ga wani wari mai hawa kai ya cika motar. An rubuta tuƙi cikin maye, an wuce da shi gwajin jini, aka ce in zo da safe. Duk baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ya san abin da wannan yake nufi: kurkuku, daga can sai jirgi. Baba ya baro gida tun yana saurayi, kabarin Mama ma a nan yake. Wurin wa za a mayar da shi?

Maƙwabciyarmu Hajiya Kulu, wadda ba ta taɓa shiga ofishin murur ba amma ta san dokar kowace ƙasa, ta ba ni shawara. "Kada ki yi musu, 'yata. Sun fi son wanda ya amsa. Ki amsa masa, ki nemi sassauci."

Da safe na shiga ofishin da jawabina a haddace. Jami'in dattijo ne mai furfura a gemu. Ya ce, "Ke ce 'yar Malam Idrisu? Zauna, ya binti, akwai..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na saki Larabcina na 'yar Jidda, har da dafa ƙirji. "Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba, yana sha. Amma kaɗan-kaɗan ne, kuma a ɗakinsa. Tun da mahaifiyata ta rasu ya fara. Mutumin kirki ne, sallar asuba ba ta wuce shi. Don Allah ku rage masa, ku mayar da shi ƙaramin laifi, ni na yi alkawarin zan raba shi da ita."

Dattijon ya ajiye bironsa. "Yana sha?"

"Kaɗan-kaɗan," na sake cewa. (E, na maimaita.)

"Ikon Allah. Sakamakon jini ya iso ɗazu, babu ko ɗigon giya. Sukarinsa ne ya faɗi, ya yi allurarsa kuma ya ɗauki azumi. Warin kuwa kwalaben turare ne suka fashe a bayan mota. Abin da nake shirin gaya miki ke nan."

Sai ya ɗaga ido ya kalli bayana. Na juya. Baba ne zaune a kan benci a bayan ƙofa, filasta a goshi, hularsa a kan cinya. Ta gabansa na wuce ban gan shi ba.

Jami'in ya ce, "Yanzu jini ya ce a'a, 'yar cikinsa ta ce e. Wanne zan rubuta?"

Da dariya yake yi da na ji sauƙi, amma ba ita yake yi ba. Ya ce maganar da aka faɗa a gabansa dole ya bi ta. Ya fara tambaya. Kin taɓa ganin kwalba? A'a. Kin taɓa jin wari? Na turare kawai. To me kika gani?

"Durowa nake jin yana ja," na ce, muryata kamar ta ɗan tsako.

Nan Baba ya yi gyaran murya. "Alluraina ne a ciki, da dabino. Ni na ɓoye mata. Ta binne uwa, ban so ta fara kallona kamar mai shirin bin ta."

Jami'in ya ce maganar maye ta faɗi, amma wanda ya san ciwonsa ya hau titi a haka, tuƙin ganganci ya yi, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Na sake roƙo, wannan karon a hankali, ban ƙara wa Baba wani laifi ba. Na ce ni zan riƙa bin maganinsa da abincinsa. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya rubuta rashin kula wajen tuƙi. Baba zai gyara shingen, kuma ba zai sake taɓa mota ba sai likita ya yarda.

"Halas, ku tafi," in ji shi. "Ke kuma, ya binti, duk aikin da za ki yi, kada ki yi lauya."

A cikin tasi na kasa ɗaga kai. Mun yi nisa kafin Baba ya ce, "Tun rasuwar uwarki kike zaton haka?"

Na gyaɗa kai.

"Kina zaton mashayi ne ni, kina dafa min abinci, kina goge min kaya, yau kuma kika zo kika tsaya a gabansu saboda ni." Ya kama hannuna ya riƙe. Na fara kuka, har direban ya rage rediyo. Sai Baba ya sunkuyo ya ce, "Amma Mamana, wannan kaɗan-kaɗan ɗin, wa ya auna miki?"

Yanzu ni ke yi masa allura, yana mita ina yi. Abin da na koya kuwa, kafin ka roƙa wa mutum sassauci, ka bari mai hukunci ya gama jimlarsa, don ta yiwu kai kaɗai ka rage kana tuhumarsa.