Ranar da na tarbi surukai da takalmin taya

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Utaiƙa a Riyad ba za su bar ni ba.

Abin ya faro ne daga likita. Ya dubi sakamakon jinina, ya dubi tumbina, ya ce, "Ya hajj, ka riƙa motsa jiki." Ni da na yi tuƙi a Legas, na yi a Khartum, na yi a Jidda kafin in dira Riyad, duk a zaune na yi su. Sai na ga wasu 'yan Filifin a wajen Dir'iyya suna shawagi a kan takalmi mai taya, irin na tsere, har da wani mai furfura kamata. Na ce in dai wannan zai iya, ni ma zan iya. Na je na sayo nawa.

Takalmin nan kyau kamar a sa a gilashi, amma ciki tauri kamar ƙwarya. Minti goma in na yi a ciki, idon sawuna ya ɗau wuta. Mai furfurar nan, Rudi sunansa, ya ce ai gasa shi ake yi. Ka kwance tayoyin, ka sa shi a obin da wuta kaɗan har ya yi laushi, ka zura ƙafa da zafinsa, ka ɗaure tam, ka zauna minti ashirin kada ka motsa. In ya huce, ya ɗau siffar ƙafarka ke nan.

Matata Hajiya ta ce takalmi ba zai shiga inda take gasa kaza ba, ko na sarkin Makka ne. (Ban yi musu ba, shekara ashirin da shida ta koya mini inda ake tsayawa.) Sai dabara ta zo mini. Wanda ya san Riyad a watan Agusta ya san mota a rana ta fi obin. Na ajiye shi a gaban gilashin motata tun hantsi, na tafi masallaci. Tayoyin kuwa ban kwance su ba, na ce wa zai tsaya neman sifana.

To ranar ce kuma za a zo neman auren Hafsa, 'yar ƙanena. Ni ne babban baffanta, a wurina za a nema. An ce bayan la'asar. Na lissafa, na ga ina da lokaci har da ragi. Na ɗauko takalmi ya yi laushi kamar ganda, na zauna a falo, na zura, na ɗaure, ina cije leɓe.

Ko minti biyar ban yi ba na ji sallama. Ashe baffan yaron, Alhaji Mahamman, dattijon Damagaram ne, irin waɗanda in an ce la'asar suke zuwa su yi sallar a unguwarku. Na fizgo bargo na rufe ƙafafuna. Bargo fa, a Agusta.

Suka shigo su huɗu, kowa ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa. Dattijon da ya girme ni da shekara ashirin ya miƙo hannu yana tsaye, ni kuma na miƙa nawa daga zaune.

"Alhaji, ko jikin ne?"

"Lafiya ƙalau, Alhaji."

Kun ji inda na kashe kaina. Da na ce ƙafa ce, da an wuce wurin. Fuskarsa ta canja. Aka kawo gahawa da dabino, bai taɓa ba. Ya dubi 'yan rakiyarsa ya ce a hankali, "Wataƙila mun zo ba a shirya mana ba. Ma dawo wani jiƙon." Ya fara laluben sandarsa.

Ta labule na hango idon Hafsa. Yarinyar nan shekara biyu tana jiran wannan rana, ga shi baffanta zai kore ta saboda idon sawu. Na ce a raina, siffar ƙafa ta tafi duk inda za ta.

Na yaye bargo na miƙe.

Falon tayil ne, Hajiya ta goge shi da safe har yana ɗaukar ido. Ban taka ba, tafiya kawai na ga ina yi, hannuwa a buɗe, jallabiya na kaɗawa, ina salati da ƙarfi, har na isa ƙirjin Alhaji Mahamman na rungume shi. Muka zube kan kujera tare.

Ya dubi ƙafafuna, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Alhaji, na je neman aure gidaje da yawa, amma ban taɓa zuwa inda waliyyi ya taho da gudu haka ba."

Dariya har da masu riƙe ciki. A bayan labule ina jin Hafsa tana "Ya Allah, ya Baffa!" Na ba da labari tun daga likita, dattijo ya sha gahawa kofi uku, ya matsa takalmin da yatsa ya ce har yanzu da ɗumi, in koma in zauna kada aikina ya lalace. Haka aka nemi auren, aka bayar, aka yi fatiha, ina zaune da taya takwas a ƙasana.

Abin da na koya shi ne, in abin kunya ya same ka, fito da shi tun ana sallama. Mutane suna yafe wa wawa nan take, mai girman kai ne ba sa yafe wa. Yanzu dai duk ɗaurin auren da na je a Riyad, sai wani ya leƙa ƙafata kafin ya ba ni hannu.