Na'urar da Na Bar wa Mai Shayi

Ranar da kamfani ya kafa dokar hana kauce hanya, shef ɗinmu, wato shugabanmu, ya ce kowace kamiyo, motar kaya ke nan, an sa mata na'ura mai ido. Ni kuwa ga sunan ɗan ƙanwata a Cirozerin, kuma ba ta cikin hanyata.

Na bi motar lungu-lungu har na tarar da wani ɗan baƙin akwati manne ƙarƙashin kujera. Na ce a raina, shekara goma sha biyar ina tuƙi, ni za a yi wa wayo? Na ɓamɓare shi, na ba mai shayin tashar Agadas ajiya, ina raɗa masa kada ya yi magana kusa da shi. Daga nan na wuce Cirozerin abina.

Washegari shef ya ce, "Malam, ya taron suna?"

Nan take na fara hararar abokan aikina, ina neman munafukin. Sai shef ya juyo mini ordinata, kwamfutarsa, ga jan layi a kan taswira har ƙofar gidan ƙanwata. Da aka kawo akwatin, makaniki ya shinshina, ya ce maganin kyankyaso ne.

Har yau in na shigo tasha, mai shayi yakan ɗaga hannu: "Ku yi shiru, ga Injiniya!"