Kogin Ilimi da Ɗalibansa na Cikin Bango

Ya kai kantar da ke bayan ƙofa ke nan, hannun riga naɗe a yatsa, yana shafa ƙeyar littattafai ɗaya bayan ɗaya kamar mai lallashin jarirai. Haka yake yi kowace safiya kafin shayi. Wannan shi ne Kogin Ilimi, tsohon mai duba makarantu, wanda ya yi ritaya amma duban bai yi ritaya ba. Maƙwabta ne suka raɗa masa sunan suna ƙunshe dariya. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a ƙofa.

Kai, Allah ya yi wa bawan nan arzikin littafi! Sun cika falo, sun haye kujeru, sun toshe taga har rana ta daina leƙowa. Firijin da ya mutu ya zama sashen tarihi. Kwandon wanki na falsafa ne. Keken ɗinkin matarsa ya nutse ƙarƙashin ƙamus tun yaransu na ƙanana. Kyanwar gidan ta shiga sashen ilimin taurari wata damina, har yau ana jin kukanta, ba a ganinta.

Ba ya zaro littafi daga kanta, don a cewarsa tayar da manya daga mazauninsu rashin kunya ne. Ba ya kuma taɓa tsintsiya, kada hannun alƙalami ya yi kanta. Aiki ɗaya tal matarsa ta taɓa ɗora masa: ya janye kantocin ɗakin baya daga jikin bango, ya fesa maganin gara. Duk shekara in ta tuna masa, sai ya lumshe ido ya ce, “Ana nazari a kai.”

Ana cikin nazarin sai 'yarsu ta aiko cewa tana tafe da jaririnta, za ta ɗan zauna, an yi wa mijinta canjin wurin aiki. Ɗakin baya kaɗai ya rage.

“Baban yara,” in ji matar, tsintsiya a hannu, “ko littattafan nan su ba jikanka wuri, ko kai ka ba shi gadonka ka dawo nan ka kwana da kyanwa. Zaɓi.”

Kogin Ilimi ya zura babbar riga, ya kafa kujera a tsakiyar ɗakin baya, ya gyara murya.

“Ke uwar yara, ba a korar malami sai an saurare shi. Yau kotu za ta zauna. Kowane littafi zai fito ya kare kansa, ni ne alƙali, ni ne lauya. Wanda ya faɗi, zan raka shi ƙofa da hawaye.”

Ya miƙa hannu cikin ƙasaita ya jawo na farko. Ƙeyar kaɗai ta biyo shi, shafal kamar busasshen ganye. A bayanta babu takarda, sai jar ƙasa da 'yan hanyoyi. Ya jawo na biyu, haka. Na uku ya yi masa atishawa a fuska. Sai kantar duka ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta durƙusa, ta zube. Kyanwa ta fito daga ƙurar, ta yi furfura, ta wuce ba ta gaishe da kowa ba.

Gara ta gama da ɗakin tun tuni. Ƙeyoyin kawai ta bar masa, don ya samu abin shafawa.

Da wani ne, da ya ji kunya. Amma kogi ba ya ƙafewa don kanta ta faɗi. Ya miƙe, ya buɗe hannuwa.

“Kin gani? Ɗalibai! Na ƙarar da ƙuruciyata ina yawon makarantu neman masu son karatu, ashe suna cikin bangona. Dubi himma! Ba su tsallake ko wasali ba.”

“Ɗaga ƙafarka,” ta ce.

Shari'ar da ya yi niyyar ja har shekara guda, tsintsiya ta yanke ta kafin shayinsa ya huce. Haske ya shigo ta taga yana ɗari-ɗari kamar baƙo.

Sai ga wani tari a lungu, tsaye ƙyam, fes da shi. Littafinsa ne na kansa, *Ni da Zamani, Juzu'i na Farko*, kwafin da aka bugo ba wanda ya ɗauka. Hanyar gara ta zo har gindinsa, ta yi kwana, ta zagaye.

Idonsa ya ciko da ƙwalla. “Ladabi ke nan! Sun cinye malaman duniya, da suka iso gabana suka sunkuyar da kai.”

Matar ta ɗauki na ƙasa, ta buɗe shafin gabatarwa, ta nuna masa wani ɗan cizo a layin farko.

“Sun ɗanɗana, baban yara. Nan suka tsaya. Ni ma nan na tsaya.” Ta mayar da shi, ta danna tarin da tafin hannu. “Bar su a nan. Tsayinsu ya yi daidai da ɗora bahon wankan jariri.”

Kogin Ilimi ya tattara ƙeyoyin littattafansa a hammata, ya gyara hula, ya tsallake bokitin shara, ya fice daga ɗakin.