Yadda Za Ka Shekara Arba'in a Bakin Tafki Ba Ka Jiƙe Ba

Matata Oddny ta rasu ranar Talata, tara ga Maris, da ƙarfe goma da kwata na safe. Ta bar mini gida, da kwalekwalen inji, da tanti mai cin mutum shida, da 'ya ɗaya mai irin bakinta. Daga ranar ce dabarar da zan koya maka ta fara lalacewa. Amma kafin nan ta yi mini aiki shekara arba'in da ɗaya. Ina ba ka tabbaci: in ka bi matakan nan, za ka hau tsaunukan Telemark, yankin tafkuna masu sanyi na ƙasarmu, da iyalinka kowace bazara, ka dawo a bushe ƙayau, ba wanda ya san ba ka iya ruwa ba.

Mataki na ɗaya: Yi ƙaryar da wuri

Ƙaryar tsufa ba ta yin saiwa. Yi taka kana ɗan shekara ashirin da huɗu, a gaban yarinyar da ta fito daga ruwa gashinta na ɗiga. In ta tambaye ka ko kana iyo, kada ka ce kaɗan-kaɗan. Ka ce ka taɓa haye mashigin tekun garinku, zuwa da dawowa. A ƙasar da ake tura yara ruwa tun suna firamare, ba mai neman shaida. Ni ciwon kunne ne ya hana ni darasin. Da kunnen ya warke, kunya ta karɓi aikin.

Mataki na biyu: Nemi littafi mai nauyi

Na Rashawa ya fi, mai shafi dubu, wanda kowane mutum a cikinsa ke da suna uku. Mai riƙe da jarida ana iya aikensa. Mai riƙe da shafi dubu, sai a rage murya in an zo wucewa. Kafa kujerarka taku ashirin daga bakin ruwa. Na auna.

Mataki na uku: Haddace jimla ɗaya

"Bari in ƙarasa babin nan."

Oddny ta fi kowa son tayar robar nan da ake hura wa iska, a ɗaure ta bayan kwalekwale, a ja mutum a kanta kamar buhun dankali. Tana da shekara sittin da uku tana hawa. Takan tsaya cikin ruwa iya gwiwa ta ƙwala kira: "Halvard! Tsohon mujiya! Ruwan da ɗumi yau!"

Ruwan da ƙanƙarar tsauni ke zubowa bai taɓa ɗumi ba. Kada ka yi gardama. Ɗaga yatsa ɗaya, ka faɗi jimlarka.

"Babin nan ya girmi 'yarka," in ji ta. Sai ta juya.

Mataki na huɗu: Zama sarkin tudu

Kai ne mai kafa tanti, mai hura wuta, mai dafa kofi a baƙar buta, mai gasa soseji, mai yanka cuku siriri yadda ba wanda zai ƙoshi. Riƙe wa kowa tawul. Ba a tuhumar mai riƙe da tawul. In an rasa direban kwalekwale, ka ce ƙarar injin na tayar maka da tsohon ciwon kunne. Ciwon da ya warke ya fi na gaske biyayya.

Mataki na biyar: Kada matarka ta riga ka mutuwa

Nan na yi sakaci. Ban san ita ce katangata ba. Duk wanda ya matsa mini, ita ke cewa, "Ku ƙyale shi, da littafinsa aka ɗaura musu aure, ni rakiya na yi." Ana dariya, ni ma ina yi.

Bana, wata huɗu da binne ta, 'yata Ingunn ta ce sai mun je. Ita da mijinta Sindre, mutumin kirki mai sanya gajeren wando ko a jana'iza in an bar shi, da 'yarsu Tuva mai shekara tara. Ranar Asabar da hantsi na kafa kujerata, taku ashirin. Ingunn ta tsaya a kaina, ta tare mini rana.

"Baba, zo ka hau tayar."

"Bari in ƙarasa..."

"Kada ka soma. Mama ta roƙe ka shekara arba'in, ni ban gaji haƙurinta ba. Ka san abin da ta ce mini a asibiti? Ta ce, 'Ki riƙa ɗaukarsa, ko da yake mu ba mu kai littafin daɗi ba.' Tana dariya ta faɗa, amma na san dariyar. To ka ji: in yau ma littafin ne, baɗi ku zauna gida kai da shi. Ba zan sake tuƙa awa huɗu don in kawo kujera bakin tafki ba."

Ka lura, ba ta ɗaga murya ba. Masu ɗaga murya ana iya jiran su huce.

Mataki na shida: In ka ga ba mafita, mutu da mutunci

Tashi. Ajiye littafin a kife. Bar surukinka ya ɗaure maka rigar hana nutsewa yana cewa, "Haka nake so, Halvard! Ka san alamun hannu?"

Na san su sarai. Babban yatsa sama, a ƙara gudu. Ƙasa, a rage. Dafa kai, a mai da ni tudu. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, kowace alama tana bukatar hannu, hannuwana biyu kuwa sun riga sun yi rantsuwa ba za su saki mariƙin tayar ba.

Tuva ce ke zaune a bayan kwalekwalen tana lura da ni, inda kakarta ke zama in wani yana kan tayar. Na ji ta tana yi wa Sindre, mai tuƙin, ihu: "Kaka bai ce a rage ba! Ƙara, Baba! Dubi haƙoransa, murna yake!"

Mataki na bakwai: Faɗa ruwa

Wannan ba ya bukatar koyarwa. Da kwalekwalen ya sha kwana ta biyu, tayar ta yi gabas, ni na yi sama. Na koyar da adabi shekara talatin da biyar, amma abin da ya fito daga bakina a tsakiyar tafkin nan ba shi da harafi ko ɗaya. Rigar ta riƙe ni. Ni kuwa na yi ta dukan ruwa kamar ya zagi mahaifiyata, har Sindre ya kamo ni ta ƙeya ya jawo ni ciki.

Ingunn, da ke cikin kwalekwalen, ta sunkuyo kaina.

"Baba. Ba ka iya ruwa ba?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwa, Ingunn. Ba ajiye shi na yi na manta ba."

"Mashigin tekun fa?"

"A jirgin fito na haye. Zuwa da dawowa."

Ta fashe da dariya har ta dafa injin. Can dariyar ta sauya, ta ce, "Mama ta sani?"

Na girgiza kai. Ta lulluɓa mini tawul, karo na farko da wani ya riƙe mini shi. Tuva ta ce gobe za ta koya mini a inda ruwa ke iya cibiya, amma sai na daina wannan kukan akuyar. Da yamma Ingunn ta ce baɗi ma za mu zo, ban da kujera.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin mura, ko kunya, ko abin da matarka za ta tafi tana zato. Dabarar tana aiki, aibinta ke nan. In ka bi ta, kai ka jiyo.

Littafin yana nan. Ganyen da na sa alama da shi a bazarar farko yana shafi na ɗari da goma sha biyu, bai taɓa gusawa ba. Ka tambayi kanka yadda mai karatu ya haddace alamun hannu daga nisan taku ashirin.

Oddny, ba karatu nake ba. Tsoro nake ji, kuma ke nake kallo.