Ranar da Tsalha Majiya Ya Buɗe Gada

Wani mutum ne a cikinmu 'yan jarida, ana ce masa Tsalha Majiya. Salihu ne sunan da ubansa ya raɗa masa, Majiya kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ba ya iya magana sai ya jingina ta da wata majiya mai tushe. Ko tambayarsa ka yi, "Malam Tsalha, an yi la'asar?" sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya ya ce, "An yi. Amma kada ka ce daga bakina ka ji."

A bakin tasha ya fara, yana sayar da jarida. Kafin ka saya ya karanta maka kanun labarai da ƙarfi, ya ƙara da nasa waɗanda ba a buga ba. Daga nan ya samu shiga gidan rediyon jiha yana ɗaukar wa manya rikoda. Sannu a hankali aka tura shi majalisar dokoki, inda ya ƙware wajen kauce wa kujera idan 'yan majalisa suka fara jifa. Ƙarshe dai ya zama wakilin gidan gwamnati, ya kafe a wurin kamar bishiyar darbejiyar bakin ƙofa. Gwamnoni suka zo suka tafi, masu kaki da masu babbar riga, Tsalha yana nan. A bakinsa, babu wanda ya hau sai da shawararsa, babu kuma wanda ya sauka sai don ya ƙi jin maganarsa.

Mu dai abin da muka gani da idonmu, wata rana gwamna mai ci ya dube shi a wajen taro ya ce, "Malam, ɗan matsa, ka tare kyamara." Shi ke nan. Tsalha ya yi wata guda yana ba da labarin ganawar sirrin da suka yi.

Kada ku ce zaginsa ake yi. Kowannenmu akwai ɗan Tsalha a cikinsa. Aikin ne ya gaji haka. Ka wuni a tsaye bayan manya, rana tana dukanka, kana jiran a gama jawabi a raba shinkafa, amma ka koma unguwa kana tafiya kamar kai ka rubuta kasafin kuɗi. Bambancin kawai, mu da cokali muke ɗiba, shi da shebur.

To, ana nan sai kujerar mai magana da yawun gwamna ta zama babu kowa a kai. Tsalha ya sa rai, ya sa ciki, ya sa hanji. Ya ɗinka babbar riga fara sol mai aska tara. Ya je ya gaya wa surukinsa cewa magana ta ƙare, sanarwa kawai ake jira. Matarsa Gambo har maƙwabta sun fara ce mata Hajiyar gidan gwamnati, ita kuma ta daina zuwa famfo da kanta.

A tsakiyar damina aka sa ranar buɗe wata sabuwar gada a Tungar Maje, can ƙarshen jiha, inda hanya take cin taya kamar gyaɗa. Da safe muka taru a harabar gidan gwamnati, aka kawo tsohuwar motar kwasta ta 'yan jarida, mai kujerun da suke cizon mutum. Kowa ya cusa kansa. Tsalha ya tsaya a gefe cikin sabuwar riga, yana kaɗa makullin babur kamar na marsandi.

Ɗanliti mai kyamara ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Tsalha, shigo mana, na tare maka wuri."

Tsalha ya yi murmushin tausayi. "Ɗanliti, Allah Ya yi maka albarka. Ku dai ku yi gaba."

"Ba ka zuwa ne?"

"Ni? Ai in ban je ba, ba a yanka ƙyalle." Ya matso ya rage murya yadda duk motar za ta ji. "Mai girma ya ce in zauna kusa da shi a baya. Akwai 'yan maganganu."

Motar ta ɗauki shewa. Wani ya ce a gaishe da mai girma, wani ya ce a tuna da talakawa. Kwasta ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta fita.

Dabarar Tsalha mai sauƙi ce. Idan ayarin gwamna ya taso, zai lallaɓa ya faɗa motar 'yan rakiya, in an isa can ya sauka a daidai ƙofar motar gwamna yana gyara riga. Ya sha yin haka.

Bai gama tsara abin ba ya ji wiii-wiii-wiii! Motoci baƙaƙe suka ɓullo ta ƙofar baya, fuuu, kamar an koro su. Tsalha ya tattare riga ya zuba a guje yana ɗaga hannu. "Ku tsaya! Ɗan jarida ne! Ɗan jarida!" Motar ƙarshe ta taka wani kwatami, facal! Farar riga ta koma kalar kunun kanwa tun daga wuya har ƙasa.

Mai gadin ƙofa ya ce, "Ashsha. Malam Tsalha, an bar ka ne?"

Tsalha ya tofar da taɓo ya ce, "Wa zai bar ni? Tsarin tsaro ne. Ba a son a san motar da nake ciki."

Ya fita yana lissafi. Gida ba ya komuwa, Gambo ta riga ta gaya wa unguwa yana motar gwamna. Ofis ba ya shiguwa. Ga shi ƙarfe ɗaya na rana gidan rediyo na jiran rahotonsa kai tsaye daga Tungar Maje. In bai kira ba, asiri ya tonu, kujera ta tafi.

Sai ya tsaya cak. Ya ce a ransa, to wai me ake yi a buɗe gada da ban sani ba? Makaɗa su yi kiɗa, dagaci ya roƙi asibiti, gwamna ya ce an kusa, a yanka ƙyalle, a tafa. Na ga irinsa ya fi gashin kaina. Ko a ƙarƙashin gado nake zan iya bayar da wannan rahoto.

Ya naɗe fuska da gefen riga, ya hau babur, ya nufi bayan gari, rumfar wata mai tuwo da ake kira Tabawa, inda direbobin manyan motoci ke cin abinci. Nan babu ɗan boko ko ɗaya. Ya zauna a lungu ya ce a zubo tuwon shinkafa da miyar taushe.

Tabawa ta ƙare masa kallo ta ce, "Alhaji, rijiya ka faɗa?"

Ya ce, "Bincike nake yi na sirri, Hajiya. Sa nama."

Abin da Tsalha bai sani ba, motocin da suka wanke shi da taɓo na 'yan share fage ne, gwamna ba ya ciki. Ruwan da aka kwana ana yi ya cika rafin Tungar Maje, da asuba ya ɗauki sabuwar gadar ɗungurungum ya yi gaba da ita. Mu muna can cikin daji a kwasta, babu layin waya, ba mu san komai ba. Gwamna kuwa da labari ya same shi, sai ya fasa tafiya, ya nufi gidan rediyo da kansa don ya jajanta wa mutanen garin. Ƙarfe ɗaya saura kaɗan ya shiga ɗakin watsa shirye-shirye ya zauna kusa da Uwani Garba, mai karanta labarai.

A daidai lokacin Tsalha ya ture kwano, ya bar tuwo rabi, ya zagaya bayan rumfa. Wurin ya yi masa daidai. Ga awaki a ɗaure, ga injin markaɗe yana ta ɓaɓatu. Ya danna waya. Mai haɗa layi, da yake kullum haka aka saba, ya jefa shi a iska kai tsaye.

"Assalamu alaikum masu sauraro! Tsalha Majiya ke magana daga nan bakin sabuwar gadar Tungar Maje, inda ƙasa ba ta ganuwa saboda jama'a!"

Uwani ta zaro ido. "Malam Tsalha, ɗan dakata, akwai..."

"Kada ki katse ni, Uwani, lokacina kaɗan ne, mai girma yana jira na."

Gwamna ya ɗaga mata hannu, ya yi mata alama ta ƙyale shi. Ya gyara zama, ya harɗe hannuwa.

Tsalha ya saki jiki. Ya ce mutane sun hau bishiyoyi har rassa na karyewa. Ya miƙa wayar wajen injin markaɗe, garrr, ya ce, "Kun ji kirarin da ake yi wa mai girma!" Ya ce dagaci ya fashe da kuka don murna, sai da aka riƙe shi. Wata akuya ta ce meee! Ya ce, "Wannan ragon da mutanen gari suka bayar ne, ƙahonsa kamar sitiyarin tirela."

Uwani ta ce cikin wata irin murya, "Ita gadar fa, ka gan ta da idonka?"

"Gani? Ai a kanta nake tsaye! Ƙarfe ne zalla, jikokinmu ma sai sun gaji da takawa. Mai girma ne ya fara hawa, ya riƙo hannuna ya ce, Tsalha, zo mu taka tare, tarihi ba zai manta da kai ba."

Gwamna ya raɗa wata 'yar magana a kunnen Uwani. Ta haɗiye dariya ta ce, "Tunda yana kusa da kai, ko za ka ba shi wayar ya gaisa da masu sauraro?"

Tsalha ya dubi akuya, akuya ta dube shi. Mai hankali a nan zai ce layi ya lalace. Amma Tsalha ya tuna surukinsa na saurare, Gambo na saurare, duk unguwa na saurare. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga Uwani." Ya goga wayar a riga, ƙirrr, ya toshe hanci da yatsa biyu, ya kumbura wuya.

"Ehem, ehem. A gaskiya, a gaskiya, jama'ata, ina farin ciki. Wannan gada taku ce. Kuma ina so in yaba wa haziƙin ɗan jarida, Malam Tsalha, wanda ba da daɗewa ba za ku ji alheri game da shi."

Sai wata murya mai kauri ta fito daga wayar, a natse.

"Salamu alaikum, mai girma gwamna. Nan ma gwamna ne ke magana, daga gidan rediyo."

Yatsun Tsalha suka saki hanci da kansu.

"Ra... ranka ya daɗe... layin ba ya..."

"Ni ina jin ka ras. Ka ce a kan gadar kake tsaye? Madalla. Ni an ce mini ruwa ya tafi da ita tun asuba. In ka same ta, don Allah ka riƙe mana ita da kyau, ga injiniyoyi nan zuwa."

Can ƙasa-ƙasa ana jin Uwani tana shessheƙar dariya, ta kifa kai a tebur.

Gwamna ya ci gaba. "An gaya mini kana neman ka riƙa magana da yawuna. Ashe kai ba yawun kaɗai ba, har maƙogwaron ka ɗauke. To a gaskiya, a gaskiya, jiha ɗaya ba ta ɗaukar gwamna biyu. Ka gaishe mini da ragon."

Akuya ta ce meee!

Tsalha ya kashe waya. Ya dubi katanga, ta yi tsawo, ga kwalabe a kai. Baburinsa yana gaban rumfa, hularsa tana kan benci. Babu hanya sai ta cikin mutane. Ya ce a ransa, direbobi ne, ina ruwansu da labarai. Ya gyara rigarsa mai taɓo, ya ɗaure fuska, ya zagayo.

Rediyon Tabawa na rataye a jikin ginshiƙi, an ƙure murya. Direbobi sun bar kwanuka sun yi layi biyu, hagu da dama, sun ƙame. Wani ƙato mai ɓarin goro a baki ya sara masa. Wani ya sa hannu a baki ya fara wiii-wiii-wiii, yana buɗe masa hanya.

Tabawa ta fito daga bayan tukwane, ta durƙusa har ƙasa da kwanonsa a hannu, ta ce, "Ranka ya daɗe mai girma gwamna, tuwonka ya huce. A ɗumama maka a nan, ko a kai maka gidan gwamnati?"