Markaɗen da na yi wa amarya

Ko me zan manta a zamana na Landan, ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanin mijina ba, ranar da na so ƙasa ta tsage in shige.

A gidan su mijina akwai wasu kwalabe masu kaurin gaske, murfinsu na gilashi da ƙugiyar waya da zoben roba. Na kakarsu ne, tun tana girki a wani asibitin mishan a Filato. Daga ita suka dawo hannun Mama, surukata, ita kuma ta naɗe su cikin zannuwanta ta hawo jirgi da su. Al'adar gidan ita ce duk amaryar da ta shigo a ba ta kwalba ɗaya, kuma ba a miƙa ta fanko. Matar da ta riga ta shigowa ce ke cika ta da markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu, dafaffe, a rufe ruf, yadda zai yi watanni bai lalace ba. To, wannan karon a kaina abin ya faɗo.

Mama ta kawo min kwalbar har gidanmu da ke unguwar Peckham, ta rungumo ta kamar jariri.

"Maman Joy, kin iya, ko in zo in tsaya miki?"

"Haba Mama, markaɗe ne fa," in ji ni. (Ni da tawa kwalbar, tun da muka cinye abin cikinta maɓallai nake tarawa a ciki.)

Na sayo kaya a kasuwar Rye Lane, na markaɗa, na ɗora. Ba a jima ba attaruhu ya turnuƙe gidan, ƙararrawar hayaƙi ta dinga kururuwa. Sai ga Baturen da ke samanmu a ƙofa, yana tari yana hawaye, wai ko ya kira 'yan kwana-kwana. Kunya ta sa na kashe wuta, alhali markaɗen bai tsotse ba. Na ɗura shi haka nan. Tafasa kwalbar cikin tukunyar ruwa kuwa, wanda shi ne asalin aikin, tsallake shi na yi, na ce da kaina ai ƙasar nan sanyi gare ta, me zai same shi? Mama ta ce a ajiye a wuri mai duhu, ni kuwa na duba duk gidan ban ga duhun da ya kai na kabad ɗin da injin ɗumama ruwa yake ba. Nan na tura ta, cikin ɗumi, ta yi makonni.

Da safiyar biki na ɗauko ta, sai na ga wasu 'yan ƙwayoyin kumfa suna hawa a hankali. Na goge ta, na ɗaura mata ribon, kamar ribon zai yi magani. A cikin bas zuwa Deptford, inda za a yi bikin, na ɗora ta a cinya, ina jin wani siririn "tsss" daga murfin.

"Me ke ƙara haka?" in ji mijina.

"Birkin bas ne," na ce.

Addu'ata ɗaya ce: a miƙa kwalbar, amarya ta tafi da ita gida, abin da zai faru ya faru a kicin ɗinta. Ban san Mama ta shirya jawabi ba. Bayan yanka kek ta karɓi makirfo, ta kira ni da amarya Rifkatu tsakiyar fili, ta ba da tarihin kwalbar tun daga Filato. Rifkatu na tsaye cikin farar rigarta, tana murmushi.

"Ki buɗe, 'yata, jama'a su ji ƙamshin hannun yayarki," in ji Mama.

"Mama, a bari sai an je gida, please," na ce.

"Kunya take ji," Mama ta faɗa wa jama'a. Aka yi dariya har da tafi.

Na kwance ribon, na miƙa wa Rifkatu kwalbar, ta ɗaga ƙugiyar. Fum! Jan markaɗe ya yi tsiri sama, ya sauko mata tun daga mayafi har ƙirji, ya sami Fasto a tabarau. Wani tsami ya cika zauren. Mai kiɗa ya kashe kiɗa. Ni dai ina tsaye, ribon a hannuna.

Mama ce ta fara motsawa. Na ɗauka amarya za ta nufa. Ina! Kwalbar ta fizge daga hannunta, ta ɗaga ta saitin fitila tana jujjuyawa, ta goge ta da gyalenta mai tsada.

"Mun gode Allah, ba ta tsage ba," ta ce, kuma makirfo a kunne. Sai a sannan ta miƙa wa Rifkatu gefen gyalen da ya rage. Ta juyo gare ni, ba faɗa ba tsawa: "Asabar ki zo gidana. Ki zo da tukunya."

Na je. Rifkatu ma ta je, ta kuma yafe min, ko da yake hotunan bikinta duk na kafin yanka kek ne. A kicin ɗin Mama na koyi dafa markaɗe har ya tsotse, na koyi cewa "ban iya ba" da bakina. Na kuma gane matsayinmu a gidan nan, ni da amarya: ana son mu ƙwarai, amma bayan kwalba muke.